Gugan Bulus

Rifkatu na tankaɗen garin tuwo a tsakar gida lokacin da dutsen farko ya faɗo kan kwanon ɗakinta. Magariba ce, masallatan Unguwar Kanawa sun ɗauki kiran salla, layin ya yi tsit. Ta ce a ranta yaran maƙwabta ne. Sai na biyu ya sauka gabanta, tim, jiƙe sharkaf da ruwa, alhali rabon garin da ruwan sama tun kaka.

Ita kaɗai ce Kirista da ta rage a layin. 'Yan cocinsu duk sun sayar da gidajensu sun haye gadar kogi zuwa kudancin gari, wasu Barnawa, wasu Sabon Tasha. In aka tambaye ta me ya zaunar da ita, sai ta ce sabo. Ba sabo ba ne. Tun ranar da aka binne mijinta Bulus, kullum da magariba takan ji ana jan ruwa a tsohuwar rijiyar gidan, sak yadda yake yi in ya dawo daga aiki. Igiya ta gogi bakin rijiya, guga ya taso, ruwa ya zuba. Ba ta taɓa ganin kowa ba, ba ta kuma faɗa wa kowa ba. Ta riƙe shi alama ce daga Ubangiji, cewa Bulus yana hutawa, kuma bai manta da ita ba. Da wannan ƙarar take rayuwa.

To, ana nan sai wata mai wahayi ta miƙe a taron addu'a, jikinta na ɓari, ta nuna Godiya, 'yar Rifkatu tilo, ta ce ta ga mutuwa zaune a bakin rijiya. Wa zai ji wannan ya yi barci? Ranar da uwar ta tafi kasuwar Kawo, Godiya ta kira magini ya rufe rijiyar da siminti, ta kwarara man zaitun a kai. Ita a ganinta ta ceci gida.

Kashegari aka fara jifan. Daga jifa sai murya, kamar mutum na kira daga cikin randa. Godiya ta daina ci, ta daina zuwa makarantar jinya. Rana na faɗuwa sai ta je ta durƙusa kan simintin, tana jan igiyar da babu, har hannuwanta su kumbura. Ta rame ta koma abin tausayi.

Harira maƙwabciyarta ta leƙo ta katanga.

"Maman Godiya, wannan fa ba ciwon asibiti ba ne. Ki nemi malamanku tun da wuri."

Rifkatu ta haye gada ta ɗauko Baba Istifanus, tsohon fasto mai ilimi, wanda ya ɗaura aurensu da Bulus. Ya iso dab da magariba. Bai yi ihu ba, bai kaɗa ƙararrawa ba. Kujera ya ja ya zauna gaban yarinyar, ya buɗe Littafi Mai Tsarki yana karantawa a hankali, har duhu ya fara rufe rubutun.

Godiya ta ɗago kai. Muryar da ta fito ta wani tsoho ce, a gajiye.

"Ya isa, dattijo. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai?"

"Mai rijiyar. Ina nan tun unguwar nan tana daji. 'Yan uwana duk sun watse da aka cika wurin da gine-gine, ni kaɗai na rage. Ta toshe mini ɗaki, na shiga nata."

"Cikin sunan Yesu Almasihu, za ka fita."

Kan yarinyar ya juya wajen Rifkatu a hankali.

"Ke ba za ki ce komai ba? Wa kike tsammani yake ja miki ruwa duk shekarun nan?"

Rifkatu ta dafa bango.

"Bulus ne," ta ce.

"Bulus yana inda aka kai shi. Ranar da kuka dawo daga maƙabarta na ji kukanki, ya dame ni, na ja guga sai kika yi shiru. Shi ke nan na ci gaba. Ni ma ba ni da kowa." Ya yi numfashi. "A fasa simintin in koma, in sakar muku yarinya. Za ki ci gaba da jin gugan har ki mutu. Abu ɗaya dai, in kaɗaici ya ishe ni, zan riƙa aron bakinta mu yi hira."

Baba Istifanus ya rufe littafin.

"'Yata, gidanki ne. Ni zan yi addu'a, amma bakinki yake jira."

Wayyo, Rifkatu! Ta so ta ce a fasa. Ta so ƙwarai, har kalmar ta zo bakinta. Sai ta dubi hannuwan Godiya, fatar duk ta saluɓe.

"Na gode da abin da ka yi mini," ta ce. "Amma 'yata ba abin aro ba ce. Ka tafi."

Baba Istifanus ya ɗora hannu a kan yarinyar yana addu'a ƙasa-ƙasa.

"Zan bi kogi," in ji muryar. "Ki zauna lafiya."

Godiya ta yi atishawa, ta sulale ƙasa. Da ta farka, da muryarta ta ce, "Mama, yunwa nake ji."

Kashegari da magariba Rifkatu ta fito da tabarma ta zauna inda ta saba. Aka kira salla, aka idar, maza suka wuce ta ƙofar gida suna gaisawa. Godiya ta zo da kofin kunu ta zauna kusa da ita. Sun daɗe a haka, ba a ji ƙarar guga ba, har hawaye suka ɓalle wa uwar.

"Godiya, babanki fa ya mutu."

"Na sani, Mama."

"Ni yau na sani."