Sarauniya Mai Yagaggen Kunne

"Kada ka taɓa ni, Lackson! Je ka fitar da motarka!"

Tionenji ta fizge hannunta. Gumi ya jiƙa mata baya, ƙudan tsando ya cije ta a wuya har wurin ya tashi. Buɗaɗɗiyar motar da Lackson ke zaga baƙi da ita a gandun dajin Luangwa ta kafe a taɓo, tayoyin baya sun nutse.

"Tione tawa, saurara mana..."

"Baba yana jin ka."

Mahaifinta, Baba Sakala, yana kujerar baya. Ya ja hula ya rufe ido, ƙaramin gatarinsa a kan cinya. Ko a ƙofar gandu ya ƙi ajiye shi, masu gadi suka yi dariya suka ƙyale tsoho.

Ba yawo ne ya kawo shi ba. A daminar bara giwa ta shiga gonarsu ta masara, matarsa Esnart ta fita da garwa tana bugawa don ta kore ta. Giwar ta taka ta har lahira. Shi da kansa ya gani: mace ce, kunnenta na hagu a yage, haurenta ɗaya guntu. Ma'aikatan gandu suka zo suka tambayi masu zaga baƙi ko sun san ta. Kowa ya ce masu yagaggen kunne suna da yawa a daji. Magana ta mutu.

Tun ranar tsohon ya rantse 'yarsa ba za ta auri mai cin abinci da giwa ba.

Lackson ya yi ta aike, ana mayar da 'yan aikensa. Daga ƙarshe ya durƙusa da kansa a ƙofar gida.

"Baba, ku ba ni yini ɗaya. Ku zo ku ga aikina da idonku. In kun ce a'a bayan nan, ba zan ƙara tako gidan nan ba."

"Zan zo," in ji tsohon. "Don in ce a'a da hujja."

Da safe abin ya fara da kyau. Raƙumin dawa ya leƙo ta saman itace, Tionenji ta yi dariya irin wadda ta daɗe ba ta yi ba. An haife ta a bakin gandun nan, amma ba ta taɓa shigowa ba sai yau. Lackson ya kalle ta ta gefen ido, ta sunkuyar da kai.

Daga nan rana ta buɗe. Suka yi ta tafiya ba komai sai barewa da ƙura. Da suka sami zakuna, kwance suke a inuwa kamar matattun karnuka.

"Wannan ne Bature ke barin garinsu ya zo gani?" in ji Baba Sakala. "Barci?"

Suka tsaya cin abinci, wani ƙaton biri ya diro ya sure burodin gaba ɗaya.

"Ko abincinka ba ka iya tsarewa ba, direba."

Lackson ya tayar da mota suka ci gaba. Tionenji ta lura duk hanyar da ta nufi kogi yana kauce mata. Ta ɗauka tausayin mahaifinta yake ji, kada ya haɗa shi da giwaye. Har ta ji ya ƙara shiga ranta.

Sai oba-oba, rediyon sadarwar motar, ta yi ƙara. Zelipa ce, mai kula da oba-oba a masaukin baƙi. Duk garin Mfuwe an san ta daɗe tana son Lackson, an kuma san ya ƙi.

"Angon gobe, kana ina? Damisa na kan itace a bakin tafkin dorina, ta rataye barewa. Yi maza ka burge surukinka!"

"Akwai giwaye a wajen?" ya tambaya a hankali.

"Ko ɗaya, ɗan gata. Tun safe suka haye kogi."

Babu damisa. Taɓo ne kawai ya tare su.

Yanzu ga shi yana saro rassa yana cusawa ƙarƙashin taya, laka har gwiwa. Ya kira Zelipa a turo mota, ta ce duk sun fita, ya yi haƙuri. Tionenji ta ji dariya a ƙarshen maganar.

Ta gaji. Ƙafafunta sun yi nauyi, kanta yana sarawa. Ta gaji da zama tsakanin maza biyu, kowa yana jiran ta zaɓa.

Reshe ya karye a bayansu.

Lackson ya ɗago, fuskarsa ta sauya. Ya hau motar a hankali.

"Kowa ya zauna. Kada a miƙe, kada a ɗaga murya."

Giwaye ne, suna saukowa shan ruwa ɗaya bayan ɗaya. Babbar tana gaba, ɗan ƙaraminta yana tuntuɓe a ƙarƙashin cikinta. Ta juyo da kai ta buɗe kunnuwa.

Na hagun a yage. Haure ɗaya guntu.

Tionenji ta waiwaya ta kalli mahaifinta.

"Ita ce," in ji Baba Sakala.

"Baba, ku zauna!"

"Baba, don Allah...!"

Tsohon ya riga ya sauka. Ya taka cikin laka da gatarinsa, ya tsaya yana kallon ta.

"Ga ni," ya ce. "Mijinta ne. Zo ki ƙarasa."

Giwar ta yi wata ƙara da ta girgiza motar. Ta tura ɗanta baya, ta sunkuyar da kai, ta taho.

Tionenji ta buɗe baki za ta yi kururuwa. Sai ta ga Lackson ya dira. Ba bindiga, ba sanda. Ya wuce tsohon ya tsaya a gabansa, ya buɗe hannuwa.

"Sarauniya... ni ne. Yi haƙuri, uwar gida. Ba wanda zai taɓa miki ɗa. Haba Sarauniya, ni ne fa..."

Giwar ta ja birki, laka ta fantsamo masa a fuska. Ta kaɗa kai, ta ɗaga hanci tana shinshina. Bai motsa ba. Ya ci gaba da magana ƙasa-ƙasa, da muryar nan da yake lallashin Tionenji in ta yi fushi.

Can ta juya. Ta tattara garkenta suka bi gefen tafki suka shige kurmi.

Baba Sakala ya zauna daɓas a cikin laka. Gatarin ya faɗi.

Tionenji ta sauko ta riƙe mahaifinta, ta duba shi, ba abin da ya same shi. Sannan ta miƙe ta fuskanci Lackson.

"Me ka kira ta?"

"Tione..."

"Me ka kira ta, na ce!"

"Sarauniya. Haka baƙi suka san ta."

"Ta san muryarka."

Ya share lakar da ke fuskarsa.

"Da ma'aikata suka zo tambaya, kana cikin waɗanda suka ce ba su san ta ba?"

"Ina ciki."

"Ka zo zaman makoki! Ka ɗauki makarar mamata da kafaɗarka! Ka ci tuwon gidanmu!"

"Ciki ne da ita a lokacin, masoyiyata. Da na nuna ta, da an harbe ta da ɗan a ciki. Kuma da hakan bai dawo da Mama ba."

"Kada ka ce Mama! Kuma kada ka ƙara ce mini masoyiya!"

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

"Kullum kana tsayar da mota a gabanta, ko? Kana ba Turawa labarinta. Shekarunta, 'ya'yanta, abin da take ci. Suna ɗaukar ta hoto suna murmushi."

"Haka ne."

"Ka taɓa faɗa musu ta kashe mace?"

"Ba a faɗa wa baƙi irin wannan."

Oba-oba ta sake ƙara. "Angon gobe, yaya damisa? Ko wata babbar baƙuwa kuka gani?"

Tionenji ta miƙa hannu ta ɗauki abin maganar.

"Zelipa, mun gan ta. Saura kaɗan mahaifina ya mutu. Ki kwana da wannan."

Ta kashe.

Baba Sakala ya miƙe da kyar yana dafa mota. Ya daɗe yana kallon Lackson.

"Maƙaryaci ne kai," ya ce. "Amma ka tsaya a gabana. Ban san wani a Mfuwe da zai tsaya ba." Ya juya ga 'yarsa. "Na janye rantsuwata. Saura ke."

Ta kalli inda giwayen suka bi. Ta tuna ɗan ƙaramin yana tuntuɓe. Ta tuna garwar mamarta da aka tsinto a lanƙwashe cikin masara. Ba ta ji ta yafe ba, ba ta kuma ji za ta iya barin sa ba. Gajiya kawai take ji.

"Ba zan ce a harbe ta ba," ta ce. "Mama ba za ta so a mayar da wani maraya saboda ita ba."

"Tione tawa..."

"Ban gama ba. Daga yau duk ranar da ka tsayar da mota a gaban giwar nan, bayan ka faɗi sunanta, ka faɗi na mamata. Ka faɗi inda ta mutu da abin da take karewa."

"Mai masauki ba zai so ba. Zai iya sallamata."

"Na sani."

Ya dubi lakar da ke hannunsa. Ya dube ta.

"Zan faɗa."

"To, hau ka ja. Ni da Baba za mu tura."

An yi bikin bayan an cire masara. Zelipa ba ta zo ba, ba kuma wanda ya tambaye ta.

Sau ɗaya Tionenji ta bi shi aiki, ta zauna a gaba kusa da shi, baƙi a baya. Suka tarar da garken a bakin kogi. Lackson ya kashe mota.

"Wannan ita ce Sarauniya," ya ce musu. "Wancan ɗanta ne. Ita ta kashe wata mata mai suna Esnart Sakala a gonarta, tana kare masarar da za ta ciyar da iyalinta. Mahaifiyar matata ce."

Wata Baturiya ta sauke abin ɗaukar hotonta a hankali. Wani ya yi tari. Giwayen suka ci gaba da shan ruwa. Tionenji ta ɗora hannu a kan nasa, ba ta kalle shi ba.

Mai masauki ya yi faɗa, ya ce baƙi suna dawowa jikinsu a sanyaye. Ya mayar da shi kan tsohuwar mota. Lackson bai daina ba.

Duk ranar Lahadi suna zuwa gaida tsoho. Yana zaune gindin mangwaro, ba ya ɗagowa.

"Ka gan ta?"

"Na gan ta, Baba."

"Ka faɗa?"

"Na faɗa."

"To. Wanke hannu, tuwo zai huce."