Jaka Mai Lita Casa'in

Ranar da ya fara shiga shagon, hular babur na rataye a gwiwar hannunsa, ko sallama bai ƙarasa ba ya nuna wata jaka da ke can sama kusa da silin.

"Waccan nake so."

Budurwar da ke bayan kanta ta ɗago ta dube shi. Ita ce autar mai shagon, kuma ba a sayar da komai a wurin sai kayan masu tafiyar ƙasa a duwatsu: tanti, takalma, tocila, da jakunkunan goyo bango guda.

"Wa'alaikumus salam," ta ce, don ta tuna masa. "Kwana nawa za ka yi?"

"Huɗu. Ni da abokaina za mu hau dutse."

"Waccan girman cikinta lita casa'in ne, ta mai sati biyu ce a cikin sanyi. Kai hamsin da biyar ta ishe ka."

"Malama, dube ni fa. Dogo ne ni."

"Ƙafafunka ne dogaye, jaka kuwa ba a ƙafa ake goya ta ba. Je ka tsaya can."

A jikin bangon an zana ma'auni da jan fenti. Ta sa shi ya sunkuyar da kai ya laluba ƙashin nan mai tsini a ƙasan wuya, ya ɗora ɗaya hannun a saman ƙashin ƙugunsa, ita kuma ta karanta lambobin daga inda take.

"Bayanka santimita arba'in da bakwai. Matsakaiciya ce taka."

"Ni matsakaici?"

"Bayanka na ce."

A gida mahaifiyarsa Ƙafar Yawo take ce masa. Ya bar makaranta a aji huɗu na sakandare, ya taɓa walda, ya taɓa gyaran waya, ya taɓa wankin mota, yanzu kuma yana kai saƙonni a babur. Ba a taɓa ce masa matsakaici ba, kuma bai ji daɗi ba.

Dokar shagon ita ce ba a sayar da jaka sai an zuba mata buhunan yashi, mai saye ya goya ya hau matakalar bene sau uku. Ya hau ukun yana fito, ya ƙara na huɗu don ta gani. Ta gani, ta kuma ga yadda jakar ke lilo a bayansa, amma ta gaji da magana. Ta rubuta masa rasit ɗin mai lita casa'in ɗin da ya nace, lambar wayar shagon na ƙasa.

Kwana biyu bayan nan, da hantsi, saƙonsa ya shigo wayar shago, har ya raɗa mata suna.

"Mai Awo, kafaɗuna sun mutu. Allah ya jiƙansu."

Ta yi tsaki, ta rubuta: "Me ka zuba a ciki?"

"Kayan buƙata kawai. Takalma uku, filo, kaskon suya, sifika, dutsen guga."

"Dutsen guga? A ina za ka jona shi, a jikin bishiya?"

"Wuri ne ya ragu. Na ga bai kamata ta tafi da yunwa ba."

Ta ajiye wayar, ta zaga shagon sau ɗaya, ta dawo. "Abin da na faɗa maka ke nan, babbar jaka sai ta sa ka cika ta. Ka sa masu nauyi a tsakiya, manne da bayanka. Ka ɗaure bel ɗin ƙugu tukuna kafin ka ja na kafaɗa. Ƙugu ke ɗaukar kaya. Kuma wannan wayar shago ce, ba ta asibiti ba."

"To ba ni ta asibitin."

Ba ta ba shi ba. Sai da ya dawo yana tafiya kamar wanda aka yi wa duka, ya ajiye jakar a kan kanta ya ce, "Kin yi gaskiya," sannan ta rubuta masa lambarta a bayan rasit ɗin sabuwar jakarsa mai lita hamsin da biyar.

Tun daga nan duk saƙon da zai kai, ko na wace unguwa ne, sai hanya ta biyo da shi ta ƙofar shagon.

"Mai Awo, yau zuciyata lita nawa ce?"

"Ta yi maka yawa. Je ka kai wa mutane kayansu."

"Kin ci abinci?"

"Na ci, Ƙafar Yawo. Ka sa hularka, ka bar gudu."

Wata shida ana haka kafin maganar ta isa kunnen Baba. Shekararsa ashirin yana jagorantar masu hawan dutse kafin ya zauna a shago, kuma mutum ne da idan ya ce a'a, ya gama.

"Auta, yaron da ya sayi casa'in don kwana huɗu?"

"Ya canza ta, Baba."

"Ya iya canji ai. Makaranta, walda, waya, mota. Ke ce ta biyar ko ta shida?"

Idonta ya kawo ruwa. Baba yana da nasa zaɓin: wakilin kamfanin da ke kawo musu kaya, mai digiri, mai gogaggiyar riga, wanda duk abin da Baba ya faɗa sai ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe." Shi ne kuma wata safiya, yana sauke kwalaye, ya ce mata a hankali:

"Ba gulma ba, jiya na ga mutuminki a shagon da ke bayan tasha. Jakar mata ya saya, mai lanƙwasassun igiyoyi. Ƙila ta ƙanwarsa ce."

Ta san ba shi da ƙanwa.

Kwana uku saƙonninsa na shigowa ba amsa.

"Mai Awo, lafiya?"

"Ko wayar ce ta lalace? Na iya gyara fa."

"Idan laifi na yi, a faɗa mini girmansa in san jakar da zan zuba shi."

A rana ta huɗu ya shigo da ƙatuwar leda, Baba na zaune. Ya gaishe shi har ƙasa, ya ciro wata shuɗiyar jaka ya ɗora a kan kanta.

"Taki ce. Kin ce rabonki da hawan dutse tun kina ƙarama. Na so in ɓoye har ranar haihuwarki, amma na ga kamar ba zan kai ranar da rai ba."

Ta dubi jakar, ta dube shi. Nauyin da ke ƙirjinta ya sauka, wani sabon haushi ya hau.

"Jakunkuna ɗari biyu a shagon nan, ka tafi bayan tasha?"

"In na saya a nan ai kin gani."

Ta juya jakar ta duba lambar. "Wannan ta mai baya arba'in da takwas ce. Nawa arba'in da biyu. Ta yaya ka auna ni?"

"Ranar da kika tsaya kusa da ma'auni, na duba inda kanki ya kai, sai na raba..."

"Tsayi! Wata shida ina faɗa a gabanka, da tsayi ka auna ni?"

Baba ya cire tabarau ya goge ido, shi kaɗai ya san ko dariya yake ɓoyewa.

"Kai," ya ce. "Ranar Alhamis zan kai mutum takwas dutse, kwana huɗu. Ka zo. Ina so in ga abu ɗaya da ka fara ka gama."

Wakilin kamfani ma ya ce zai je.

Ƙafar Yawo ya shirya jakarsa sau biyar, ya ɗora a sikeli, kilo goma sha biyu. Auta ta rage a shago, waya a hannu. Da azahar ɗin rana ta biyu saƙo ya shigo.

"Mai Awo, jakar Baba ta yi masa yawa. Bel ɗin ya kai ƙarshe amma zamewa yake yi. Duk nauyin a kafaɗarsa yake. Hannunsa na hagu ya fara rawa."

Jakar nan ta girme ta. Da ita Baba ya fara jagoranci, ya sa an ɗinke ta ya fi sau goma. Tun ciwon da ya yi shekara biyu da suka wuce ya rame, ya ɗan ranƙwafa, kowa a gida ya gani, ba wanda ya iya buɗe baki.

"Na sani," ta rubuta. "Kada ka ce komai. Yayana ya taɓa gwadawa, wata guda Baba bai amsa gaisuwarsa ba. In ka faɗa, maganarmu ta ƙare. Na roƙe ka."

"Gobe gangara ce, duwatsu masu santsi."

"Na roƙe ka, masoyina."

Shi ne karo na farko da ta kira shi haka. Ya karanta sau uku, ya sa wayar a aljihu.

Washegari da safe suka tsaya a bakin gangarar. Baba ya sunkuya zai ɗaure takalmi, jakar ta zame ta bugi ƙeyarsa, ya yi taga-taga, sai da ya dafa dutse. Wakilin kamfani ya yi saurin cewa, "Kai, irin wannan jakar ba a yin ta yanzu, ranka ya daɗe. Ƙarfe ce."

Ƙafar Yawo ya sauke tasa jakar ya zo ya durƙusa.

"Baba, ka yi haƙuri. Jakarka ba ta yi maka daidai ba."

Baba ya juyo.

"Me ka ce?"

"Bel ɗin bai kama ƙugunka ba, bayanta kuma ya fi naka tsawo. A shagonka da ba za ka sayar wa kowa ita haka ba."

"Kai za ka koya mini jaka? Kai mai dutsen guga?"

"Ni ne, Baba. Shi ya sa na san ciwon. Tawa ana rage tsawon bayanta. Ka karɓa, ni in ɗauki taka. In mun sauka ka kore ni, na yarda. Amma mu sauka tukuna."

Baba ya daɗe yana kallonsa. Ya dubi gangarar, ya dubi hannunsa da ke rawa. Sai ya kwance bel ɗin.

Kwana biyun da suka rage ko kallon yaron bai yi ba. Sauran suka yi gaba, har da wakili da ya ce yana da taro. Ƙafar Yawo, wanda ko layin mai ba ya iya jira, ya bi bayan tsohon taku ɗaya-ɗaya, tsohuwar jakar na cin kafaɗunsa. In Baba ya tsaya, sai ya yi kamar takalminsa ne ya kwance.

Da suka samu sabis ya rubuta: "Na faɗa masa. Ki yafe mini."

"Kai wane irin mutum ne? Abu ɗaya na roƙe ka! Ɗaya!"

Bayan minti biyu wani ya biyo: "Yaya hannun nasa?"

"Ya daina rawa."

Ranar Litinin Baba ya shigo shago, ya aika a kira yaron. Da ya iso, tsohon ya je ya tsaya a jikin bangon, ya sunkuyar da kai, ya dafa ƙugu.

"Auta, karanta."

Ta duba ma'aunin ta ce, "Arba'in da shida, Baba."

"Shekara ashirin arba'in da tara ne." Ya juyo. "Tun yaushe kika gani?"

"Shekara biyu."

"Ke, da yayanki, da uwarku, da wancan mai 'haka ne ranka ya daɗe'. Duk kuka zuba mini ido. Sai wannan marar kunyar." Ya nuna shi da tabarau. "Ka san abin da za ka rasa da ka buɗe baki?"

"Na sani, Baba."

"To. Ka turo manyanka. Kuma wannan shuɗin abin, ka mayar musu bayan tasha, ba zai kwana a shagona ba."

Auta ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Ƙafar Yawo ya miƙe zai yi godiya, ya bugi jeren tocila, guda shida suka zube.

"Ya Allah," in ji ta daga cikin mayafin. "Wannan zan aura."

Bayan wata uku aka ɗaura. Da yamma, kafin a tafi da amarya, Baba ya zaunar da su biyun a falo. Ya shirya doguwar nasiha, har ya rubuta ta a takarda, amma layi biyu ya karanta murya ta ƙi. Ya ninke takardar ya sa a aljihu.

"Ka riƙe mini ita da amana. Tana da faɗa."

"Na sani, Baba."

"Ba ka sani ba tukuna. Uwarta ta biyo."

Daga ƙofar kicin Mama ta ce, "Ina jin ka fa."

Amarya ta yi dariya, hawaye na zuba. Baba ya ɗora hannu ɗaya a kanta, ɗaya a kan angon.

"Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku haƙurin juna, ya ba ku 'ya'ya masu albarka. Ku tashi ku tafi, kafin in fasa."