Kilomita Ta Talatin

A ɗakin gwajin 'yan wasa suka fara haɗuwa. Ita ce mai auna numfashin masu tsere, shi kuma ɗan gudun dogon zango ne da ake wa laƙabi da Barewa. Tana ɗaura masa abin auna numfashi ya tsare ta da ido.

Ya hau injin gudu. Ana ƙara sauri, fuskarta ta sauya.

"Lafiya dai?" ya tambaya yana haki.

"Jikinka na ba ni tsoro. Da ka ƙara wuta sai ya bar ƙona kitse ya koma ƙona sukari zalla, shi kuwa sukari ba ya kai mutum gida. Wajen kilomita talatin ƙafa za ta ce ba ta san zancen ba."

"Maganin fa?"

"Gudu a hankali, mai tsawo, wata da watanni, har tsoka ta saba ƙona kitse ko gudu ya yi tsanani."

"In ke za ki riƙa duba ni, ko shekara ce zan yi."

Kafin wata biyu ya raɗa mata suna Numfashina. Amma ranar da ya je gaida mahaifinta, tsohon ya nuna masa wani takalmin gudu da ke rataye bayan ƙofa.

"Na yayanta ne. A kilomita ta talatin ya faɗi, bai sake tashi ba. Na binne ɗan gudu ɗaya, ba zan kawo wani gidana ba."

Kocin Barewa, wanda ya daɗe yana sonta a ɓoye, ya samu ƙofa. Ya ce wa Barewa da gangan ta ɓata sakamakonsa don ta hana shi tsere, sannan ya damƙa masa kwalbar ƙwaya, wai mai ƙona kitse.

Saƙon Barewa ya shigo wayarta: "Ashe tsoro ne ya sa kika yi min ƙarya?"

Ta amsa tana hawaye: "Ban taɓa yi maka ƙarya ba, Barewana. Irin ƙwayar nan aka tsinta a jakar Yaya. Don Allah kar ka sha."

Kwana uku shiru. Ko wayarta ta yi ƙara sai ta yi wuf ta duba.

Rana ta huɗu Barewa ya yi sallama, ya ajiye kwalbar gaban mahaifinta, ko buɗe ta bai yi ba.

"Baba, na bar kocin, na janye daga tseren bana. Zan bi shawararta."

Tsohon ya dubi kwalbar, ya ɗago ya dube shi.

Bayan wata tara na atisaye, ranar tsere na gaba ta zo. Ta iske mahaifinta tsaye daidai inda ɗansa ya faɗi. Motar asibiti ta wuce da jiniya. Ta riƙe hannun rigarsa gam. Masu gudu suna ta wucewa, wasu na tangaɗi, babu Barewa.

Can sai ga shi, kai a ɗage, sawu daidai. Tsohon ya miƙa masa gorar ruwa, ya juya baya yana share ido.

Barewa bai zo na ɗaya ba, na sha bakwai ya zo. Sati shida bayan nan aka ɗaura musu aure.

Da za a tafi da amarya, tsohon ya haɗa hannuwansu.

"Ɗa na rasa, ɗa na samu. Ku je, Allah ya yi muku albarka, ya sa ku ne za ku binne ni."