Gardamar Zauren Mamuda

Gardamar ta tashi ne da la'asar ɗin wata Asabar, a zauren gidan su Sabuwa da ke Hunkuyi. Tun da aka rage ma'aikata a masaƙar da yake aiki a Kaduna, yayanta Mamuda ya dawo gida da akwatin bidiyo da ɗan janareto, ya mai da zauren gidan kallo. Ranar an saka wani fim na Turawa, labarin direban jirgin da ke yawo tsakanin taurari. Abokin tafiyarsa ya mutu a hannunsa, shi kuwa ya lulluɓe shi, ya koma kujerarsa ya ci gaba da tuƙi. Daidai inda za a bayyana ko shi wane ne, bidiyon ya cinye kaset ɗin, hoto ya ɗauke.

Mamuda ya ce ai magana a fili take, direban nan ƙarfe ne aka yi wa fata. Zainulabidin, malamin gona daga Makarfi kuma abokinsa tun firamare, ya ce ɗan Adam ne. Da na'ura ce, me zai sa ta tsaya lulluɓe gawa? 'Yan kallo suka rabu gida biyu.

Sabuwa ta leƙa fim ɗin ta bayan asabari, sannan ta koma duba takardun ɗalibanta, kunnenta yana zaure. Wata bakwai ke nan Zainulabidin yana zuwa zance wurinta, kuma tun rasuwar mahaifinsu Mamuda ne uba a gidan. Sai ta ji yayan nata ya kira ta, wai ita ce malamar Turanci, ta raba gardama.

"Yaya, ni dai ban ji inda suka faɗa ba..." ta ce a hankali. "Amma na ga hannunsa yana rawa."

Aka kwashe da dariya. Wani ya ce yau an ka da mai gida a gidansa.

"Dole ka kare shi," in ji Mamuda, idonsa a kan abokinsa. "Ai jinsinku ɗaya. Ranar da muka binne mahaifiyarka ko ɗigon hawaye ban gani ba, washegari kana ofis."

Zainulabidin ya gyara hularsa, ya yi sallama, ya tayar da babur ɗinsa.

Mako uku ba a ji ƙarar babur ɗin a ƙofar gida ba. Sabuwa tana zuwa makaranta, tana girki, tana dariya idan an yi abin dariya, amma Inna ta lura abincinta ba ya raguwa a kwano. Da Inna ta taɓa maganar, Mamuda ya ce shi ba zai kai ƙanwarsa gidan mutumin da zuciyarsa ta bushe ba.

Ranar kasuwar Makarfi Sabuwa ta nemi izinin Inna, ta shiga motar haya. Ta tarar da Zainulabidin a bakin sito ana rabon taki, manoma sun ja dogon layi a rana, soja biyu suna gyara sahu da dorina. Ta jira a inuwar dalbejiya har aka tashi salla.

"Malam, laifin Yaya ne ya shafe ni?"

"Ba ki da laifi, sanyin idanuna. Kunyarki nake ji."

Ya gaya mata abin da bai taɓa gaya wa kowa ba. Ranar jana'izar, ƙannensa huɗu fuskarsa suke kallo, ya san idan ya karye duk za su karye. Washegari ma ba ofis ya je ba. Ya ajiye babur a bakin gonar rakensu, ya shiga can tsakiya inda ba mai jin sa, bai fito ba sai azahar.

"In wanda muka tashi tare yana ganina haka," ya ce, "ke fa, Sabuwa?"

"Da haka nake ganinka, da ban zo ba."

Da ta koma gida ta sami Mamuda shi kaɗai a zaure yana goge kan bidiyo da auduga. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗa masa inda ta je da abin da ta ji, ba ta rage komai ba. Ta ce ba za ta taɓa tsallake maganarsa ba. In ya ce a'a, ta haƙura. Amma tana roƙonsa kada ya yanke hukunci a kan abin da ba haka yake ba.

Mamuda ya ajiye audugar. Ya ce shekara goma sha ɗaya yana shugabantar mutum ashirin a masaƙa, aka sallame shi da takarda mai layi uku. Yanzu zauren nan ne kaɗai inda yake magana a saurare shi, nan ɗin ma aka yi masa dariya, kuma da bakin ƙanwarsa.

"Ka yafe mini, Yaya..." Hawaye ya zubo mata.

"Tashi. Ba ke kika yi ɓarnar ba."

Washegari da sassafe ya ɗauki kekensa ya fita, bai ce wa kowa ga inda za shi ba. 'Yan kallo suka zo suka tarar da zaure a rufe. Sai gab da magariba ya dawo, wandonsa duk taɓo, da sandar rake uku ɗaure a bayan keke. Ya jingine keken, ya tsuguna gaban Inna, ya ce mata mutanen Makarfi za su turo magabatansu ranar Juma'a, a sanar da Kawu Maiwada.

Sabuwa tana bakin murhu, muciya a hannu, tana jin su.

"Ke kuma zubo mini tuwo," in ji shi, yana kakkaɓe wando. "Tun safe mijin naki ya sa ni zuba taki."

Ta rufe fuska da gefen mayafi ta ruga ɗaki. Inna ce ta ƙarasa tuƙin tuwon, tana dariya tana sa musu albarka. Bayan an kwashe amfanin gona aka ɗaura auren, Mamuda ne waliyyi.