Tururin da Injiniya Ya Toshe

Ana kiran magariba dutse na farko ya faɗo kan kwanon gidan Injiniya. Matarsa tana kwashe shanya, ta zaci yaran maƙwabta ne. Na biyu ya diro gabanta a tsakar gida. Ta sa hannu ta ɗauka, ta ji shi da sanyi kamar ƙanƙara. Gidan ya yi tsit, ko kaji ba su motsa ba.

Injiniya shi ke kula da tukunyar tururi a wata masana'antar sabulu. Mutum ne da in ka bar ƙwan lantarki a kunne, sai ka gwammace duka da wa'azinsa. Makon da ya wuce ya naɗe bututan masana'antar don kada zafi ya riƙa zurarewa, ya kuma toshe wata ɓula da ta shekara ashirin tana huci a bayan tukunya. Man da ake ƙonawa ya ragu, sabulu ya ƙaru, manaja ya ba shi takardar yabo. Tun ranar kunnen kowa bai huta ba.

Kwana uku ana jifa kowace magariba. A na huɗu autarsu, budurwa mai shekara goma sha shida, ta zube a bakin murhu tana karkarwa, haƙora na haɗuwa. Bargo uku bai yi mata komai ba. Uwar ta aika aka kira malam mai ruƙiyya.

Malam ya daɗe yana karatu a kanta, rana na ƙarasa faɗuwa. Can sai muryar wata tsohuwa ta fito daga bakin yarinyar.

"A ɗumin ɓular nan na haifi 'ya'yana. Ya zo ya toshe. Sanyi zai kashe min su."

"Me za a yi ki fita?" in ji Malam.

"A buɗe min. Ko kamar bakin allura ne."

Kowa ya juya ga Injiniya. Shi kuwa gogan sai ya ɗaga kai sama, leɓe na motsi. Lissafi yake yi, 'yarsa kwance a gabansa.

"Malam, bakin allura fa lita arba'in ne na mai a wata. Tambaye ta, awa biyu a rana ba ta isa ba?"

"Baban Auta!" Matar ta fashe da kuka.

"To, uku. Manaja yana duba mita."

Aljanar ta kece da wata dariya mai tayar da tsigar jiki.

"Malam, na zauna a juji, na zauna a kwata, ban taɓa jin ƙyama irin ta yau ba. Ya riƙe tururinsa. Akwai maƙera a bayan kasuwa, can zan kwashe 'ya'yana. Ni dai ba na cinikin nawa 'ya'yan."

Yarinyar ta yi atishawa sau uku, karkarwar ta tsaya, gumi ya karyo mata.

Injiniya ya washe baki, ko kunya babu. "Kun gani? Ta tafi, ko lita ɗaya ba a yi asara ba." Ya miƙa hannu zai taɓa goshin 'yarsa.

Auta ta kau da kai, ta ja bargo.

"Ina jin komai, Baba," ta ce a hankali. "Ashe awa uku na kai."