Sharaɗin Ƙwallo Ɗaya

Baba Tela ya ajiye almakashi a kan keken ɗinki, ya cire tabarau, ya dubi saurayin da ke durƙushe a ƙofar falo. Shinge ake ce wa saurayin, kuma ko a durƙushe ya kusa toshe ƙofar. Auta, 'yar Baba ta ƙarshe, wadda saboda ita aka zo, tana bayan labule tare da Mama, kowacce ta kasa kunne.

"Ka ce ƙwallo ce sana'arka. Shekara nawa?"

"Goma sha ɗaya, Baba. Na fara a kulob ɗin kamfanin sabulu. Aka saye ni zuwa rukuni na biyu, can na ji ciwo a gwiwa. Da na warke aka ba da ni aro shekara guda. Yanzu ina rukuni na ɗaya, ni ne kyaftin."

"Aro. Kamar tsani. To, ƙwallo nawa ka ci?"

Shinge ya sosa ƙeya. "Baba, ni difenda ne. Baya nake tsarewa."

"Ban tambaye ka inda kake tsayuwa ba."

"Ko ɗaya."

An ce har keken ɗinkin sai da ya yi tsaki. Ni dai ban rantse ba.

"Shekara goma sha ɗaya!" Baba ya miƙe. "Ni da na yi shekara goma sha ɗaya ban ɗinka riga ɗaya ba, wa zai kira ni tela? Ranar Asabar kuna da wasa, ko? Zan zo da ƙafata. Ka jefa ɗaya a raga in ba ka 'yata. In ba ka ci ba, kada in ƙara ganin takalminka a ƙofata."

Auta ta yaye labule, ido jajur. "Baba, wannan ba adalci ba ne. Ba aikinsa ba ne cin ƙwallo."

"Malam, yaron nan yana da kirki," in ji Mama.

"Kirki ba ya shiga raga. Na gama magana."

A bakin get Auta ta cim ma Shinge yana ɗaure takalmi da ƙarfi kamar shi ya yi masa laifi.

"Da an samu bugun kwana zan haura gaba in ci," ya ce. "Koci ya yi ta ihu har muryarsa ta dishe."

"Ka haura ina? Ba kai ka ce mini in aka ci ku ranar Asabar kulob ya faɗa rukuni na biyu ba? Ka bar wurinka a wofi, abokan wasanka su rasa aiki, a ce budurwarsa ce ta jawo?"

"To in rasa ki?"

"Ka yi aikinka, malam." Ta share hawaye da bayan hannu, a fusace. "Ni zan jira, ko shekara nawa Baba zai yi yana huci."

Ranar Asabar Baba ya zauna a tsakiyar 'yan kallo, Mama a dama, Auta a hagu. Kowa a filin, ƙwallo yake bi da ido, ban da shi. Shi laifi ya zo nema, don haka ya kafa wa Shinge ido tun daga usur na farko. Ya gan shi yana jan 'yan bayansa su tsaya a layi ɗaya. Ya gan shi yana isa wuri kafin ƙwallo ta san can za ta. Ya gan shi ya sha gwiwar hannu a haƙarƙari bai rama ba. Laifin dai ya ƙi samuwa, abin da ya ƙara tunzura tsohon ke nan.

Minti na casa'in, ba wanda ya ci, aka ba su Shinge bugun kwana. 'Yan wasansu suka kwarara gaba. Shinge ya yi taku goma, ya ɗaga kai wajen 'yan kallo, ya waiwaya ya ga golansu shi kaɗai a fili fetal. Ya ciji leɓe, ya koma.

"Kun gani ko?" Baba ya buga cinya. "Matsoraci."

Aka bugo kwana, abokan hamayya suka fitar da ita da ka. Ɗan gabansu, wani siriri mai gudun tsiya, ya ɗauki ƙwallon ya zura da gudu, ya yanke gola, ya narka ta wajen raga. Sai ga Shinge ya faɗo kan layi, ya tare ta da fuska. Hanci ya fashe. Alƙali ya hura tashi. Kulob ya tsira.

Wani mai ƙaton tumbi a bayan Baba ya taɓe baki. "Sa'a ce kawai. Ƙwallon ce ta same shi."

Baba ya juya a hankali. "Sa'a? Kai ƙwallo kake bi kamar kaza da tsaba, me ka gani? Minti casa'in ban ɗauke ido daga kansa ba. Tun kafin a bugo kwanar ya san abin da ke zuwa. Ka san abin da ya bari ya koma? Ka sani?"

"To tsoho, mene ne naka a ciki? Ɗanka ne?"

"Surukina ne, ɗan banza!"

Filin ya yi tsit. Har mai sayar da ruwa ya dakata da talla.

Mama ta gyara zama. "Mun ji, Malam. Mu dubu goma sha biyu da ke filin nan."

Mako uku Baba ya yi yana cewa iska ce ta juya masa magana, Auta tana kai masa shayi kamar kullum. A mako na huɗu aka iske shi tsaye a kan kujera da tef a hannu, yana auna kafaɗar Shinge don kayan ango, yana masifa wai ƙaton banza zai cinye masa yadi bakwai.

Don haka 'yan mata, in kuna son sanin miji, ku duba ko yana tsayawa inda aka bar masa amana ko da hakan zai jawo masa asara. Iyaye kuma, kafin ku yanke wa yaro hukunci, ku fara sanin mene ne aikinsa. Haƙurin Auta ya biya ta, Shinge kuwa har yau hancinsa a karkace yake.