Ƙullin Jan Zare

Da hantsi aka kira Sufeto, aka ce wani tsohon tela ya rasu, maƙwabta kuma sun rufe mai maganin gargajiya da duka, wai jiƙonsa ne ya kashe shi. Gawa ta uku ke nan a satin. Sufeto ya daɗe da daina jin komai a irin ɗakunan nan, iyakarsa ya zaro biro.

Ɗakin na warin fitsari da man zafi. Keken ɗinki ya yi ƙura. Ƙafafun mamacin sun kumbura suntum. A ƙarƙashin gado Sufeto ya sami kwalbar jiƙo da ƙullin sassaƙe ɗaure da jan zare.

Ƙanen mamacin na tsaye a bakin ƙofa, wani ƙato da ya ajiye tuƙin tirela shekara biyu don jinyar wansa.

"Wa ke ba shi wannan?"

"Shi ke aikawa a sayo, Yallaɓai. Shekara goma yana sha don ciwon gaɓoɓi."

"Kun kai shi asibiti?"

"Yaya ba ya son asibiti."

A caji ofis mai magani na zaune bayan kanta, leɓe a fashe. In ba a sami wata magana ba, gobe kotu za a kai shi da laifin kisa.

Sufeto ya miƙa masa ƙullin. "Baba, maganinka ne?"

Tsohon ya juya ƙullin. "Nawa ne, ɗana, amma ba nasa ba ne. Ni ba na auna magani sai na ga jikin mai sha. Nasa farin zare ne. Ja na ƙarti ne, ninki biyu. Kuma wata uku ke nan na hana shi. Na danna ƙafarsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa, na ce masa jikinka ya daina fitar da ruwa, ka bar jiƙona."

"Wa ka sayar wa ja a gidan?"

"Ƙanensa. Ya ce bayansa ke ciwo."

A asibiti, likitar da ta duba gawar ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce ƙodar mamacin ta lalace. Mai lafiya in ya sha jiƙon, kafin gobe ya fitsarar da shi. Shi kuwa na yau kan na jiya yake taruwa a jini, har zuciya ta tsaya.

"Ai yana da fayil a nan," ta ce. "Ni na gaya wa wanda ya kawo shi, ko cokali ɗaya kada ya sha. Ga sa hannunsa."

Sufeto ya koma gidan bayan azahar. Ya tarar da direban a tsakar gida yana wanke zanin gado. Ya ajiye masa fayil da ƙullin a kan bokiti.

"Ka ce ba ku je asibiti ba."

Hannunsa bai tsaya ba, sai da ya matse zanin.

"Ban zuba masa guba ba, Yallaɓai. Abin da ya saba sha na ba shi."

"Ka san abin da zai yi masa?"

"Na sani."

"Me ya yi maka?"

"Ba komai. Shi ya rene ni. Ni ke ɗaga shi, ni ke kwashe kashinsa. Matata ta tafi, 'ya'yansa sai waya. Na gaji ne kawai." Ya dubi ruwan bokitin. "Kullum in na miƙa masa kofin sai ya ce Allah Ya yi mini albarka."

Sufeto ya jira ya ji haushi ko tausayi, bai ji ko ɗaya ba. Ya ce wa kofur ya je a saki mai maganin nan, sannan ya ciro ankwa.

Direban ya roƙi a bar shi ya shanya zanin tukuna. Ya shanya, ya goge hannuwansa a riga, ya miƙa su.